Kimiyya a Ɗakin Amarya: Abin da Na Gani Wajen Buga Littafina na Farko

'Yan'uwana ɗalibai, tun da labari ya bazu a sashe cewa na buga ɗan littafi, tambaya iri biyu nake sha. Waɗanda suka ji cewa ƙagaggen labarin kimiyya ne, na abin da zai faru a shekarar 2090, sai su yi dariya su ce mu da ba mu gama da matsalar wutar lantarki ba, ina mu ina wannan. Waɗanda kuma suka ji cewa a cikinsa akwai zancen sha'awar da ke tsakanin mace da mijinta, sai su rage murya su tambaye ni ko ni ma na shiga sahun masu rubuta batsa ne. Na ga ya fi sauƙi in ba da amsa sau ɗaya a wannan mujalla tamu. Ba zan ambaci sunan littafin ba, domin kada a ce talla na zo yi.

Amsar a taƙaice ita ce, duk wani sabon abu da kimiyya ta kawo, ba ya daɗewa sai ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin aure. Saboda haka labarin gobe da ya tsallake wannan ɗaki bai cika ba. Harshen Hausa kuwa yana da kayan aikin da za a shiga ɗakin da su ba tare da an yaye wa kowa zane ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai yarda ya buga irin wannan rubutu, kuma ni a ƙaramar maɗaba'a na same shi.

Waɗanda suka riga mu

Ba ni na fara ko ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu ba. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Duk wanda ya yi kwas ɗin zube ya san ana lissafa shi a matsayin labarin kimiyya na farko da Hausa. Sai dai Kilba yaro ne, tafiyarsa ta kallo ce da mamaki, babu ruwansa da abin da ke damun manya. A wannan shekara ta 1969 ɗin, wata marubuciya Ba'amurkiya, Ursula Le Guin, ta fitar da littafi a kan wata duniya da mutanenta ba su rabu gida biyu na maza da mata ba sai a wasu 'yan kwanaki na kowane wata, domin ta duba yadda mulki da zumunci da yaƙi za su kasance idan aka canja wannan abu guda. Wato tun a lokacin wasu sun gane cewa tambayar kimiyya ba ta tsaya a kan kumbo da taurari ba.

Ta ɓangaren soyayya kuwa, tarihin ya fi tsawo. Tun 1924 aka buga fassarar Dare Dubu da Ɗaya ta Hausa, kuma kowa ya san akwai wuraren da manya ba sa so yara su ji a cikinsa. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito a 1980. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta kawai, sai matasa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. A nan aka samu Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Wannan ne Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta fafatawa a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a kan ko adabi ne ko shara. Abin lura a nan shi ne, ba babban kamfani ne ya kawo zancen auren dole da kishi da sakin wulaƙanci cikin adabinmu ba. Ƙananan maɗaba'u ne na lungu, da matan aure da ke rubutu a littafin makaranta bayan sun gama girki.

Su ma ba su sha da daɗi ba. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona tarin littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma marubuta suka kai ruwa rana da hukumar a kan batun yi wa kowane marubuci rajista. Duk mai son taɓa wannan fanni ya kamata ya san wannan tarihi, domin da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Me ya kai kimiyya ɗakin aure?

Mu duba abin da ya faru a rayuwarmu da ta iyayenmu. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba a yi shekara goma ba ta canja yadda ake zance, ta kuma zama sanadin mutuwar aure da yawa. An haifi jaririyar farko ta hanyar haɗa ƙwai a kwalba a Ingila a 1978, yau ga asibitoci a Abuja da Kano suna yi, malamai kuma sun zauna sun fitar da sharuɗɗansa. Gwajin jini kafin aure ya raba masoya da ba su da laifin komai sai dai dukansu suna ɗauke da ƙwayar sikila, har Jihar Kano ta mai da gwajin doka a 2024. Gwajin tabbatar da uba ya shiga kotuna. Kowanne daga cikin waɗannan a ɗakin bincike aka haife shi, amma a ɗakin aure yake kwana. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amfanin ƙagaggen labarin kimiyya ke nan, ya sa al'umma ta yi tunanin tambaya kafin tambayar ta iso ƙofar gida.

Ni tawa tambayar daga unguwarmu ta fito. A Abbaganaram aka haife ni, a nan na tashi. Duk ɗan Maiduguri ya san abin da wannan ɓangare na gari ya gani tun daga rikicin watan Yuli na 2009, da shekarun da suka biyo baya. A 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. Ina ƙarama a lokacin, amma ina tuna yadda mata ke riƙe da waya a hannu alhali sun san ba za ta yi ƙara ba. Maza da yawa sun fita ba su dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce kusan mutum 22,000 ne aka shigar mata da rahoton ɓatansu a Nijeriya. Bayan kowane magidanci a cikin wannan adadi akwai macen da ba ta san matsayinta ba, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba.

Idan ana maganar waɗannan mata, abinci ake ambata da kuɗin haya da karatun yara, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ba a ambata, wato cewa mace 'yar shekara ashirin da biyar da aka raba da mijinta tana da jiki, tana da dare. Abin mamaki shi ne addininmu bai yi shiru a kan wannan ba. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara gaban alƙali, a ɗiba mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi idda ta wata huɗu da kwana goma. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, ya kuma taƙaita zaman mayaƙa a bakin daga saboda amsar da ta ba shi. Abin da halifa bai ji kunyar tambaya ba, mu muka mai da shi abin da ba a faɗa.

Labarin nawa a Maiduguri yake, a 2090. Na ɗauko maganar da aka daɗe ana yi ta jawo ruwa daga kogunan yankin Kwango zuwa Tafkin Chadi, wadda aka sake tattaunawa a taron Abuja na 2018, na ƙaddara cewa an fara aikin. Wani ango injiniya ya tafi can aikin shekara uku, ya bar amaryarsa da wata na'ura da kamfani ke ba ma'aikata. Na'urar tana kai murya, tana kai ƙamshi, tana kai ɗumin tafin hannu. Rannan sai ruwa ya ci sansanin ma'aikatan, angon ya ɓace, amma na'urar ba ta yi shiru ba, domin ta riga ta koyi muryarsa da irin maganarsa, ta ci gaba da amsa wa amarya kowane dare. Dangi na cewa ai ga shi yana magana, yana raye. Ita kaɗai ta san ba shi ba ne, kuma ba da hujjar da za ta iya faɗa a gaban surukai ta sani ba. Ta sani ne saboda mijinta mutum ne mai gajiya, mai fushi, mai yin barci ya bar ta da magana a baki, wannan kuwa ba ya gajiya, ba ya ƙosawa, kullum abin da take so yake faɗa. To, za ta je gaban alƙali ta rasa muryar, ko za ta zauna da abin da ta san inuwa ce? Duk wanda ya cire sha'awa daga wannan labari ya cire ginshiƙinsa.

Matsalar harshe

Ni Babarbariya ce, a gida Kanuri muke yi. Hausa a layi na tsince ta, da kuma littattafan soyayya da yayyena ke aro suna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, kafin in zo nan in karance ta da ƙa'ida. Wannan ya ba ni wata dama, domin abin da ɗan gida ya saba da shi har ba ya gani, baƙo yakan tsaya ya kalla.

Abu na farko da na lura da shi shi ne jinsi. A Kanuri kalma ɗaya ce ke tsayawa a madadin namiji da mace, shi ya sa Hausawa ke tsokanarmu da cewa muna kiran mace da "ya". A Hausa kuwa kowace jimla sai ta bayyana wane ne namiji wace ce mace, ka ko ki, ya ko ta. Da na zo rubuta na'urar nan sai na ga nahawu ya riga ni yanke hukunci. Kalmar na'ura tamace ce, saboda haka "ta ce", "ta kira ta", "ta kwana a gefenta". Murya ta miji, amma lamiri na mace, har mai karatu ya riƙa jin kamar kishiya ce aka ajiye a ɗakin. Mutanen cikin labarin suna kiranta 'yar aike, kamar yarinyar da saurayi ke turawa ta yi masa sallama da budurwa. Ranar da amarya ta daina cewa "ya ce" ta koma cewa "ta ce", mai karatu ya san ta gane gaskiya, ba sai na yi masa bayani ba. Wannan abu ne da ba zai yiwu a harshena na gida ba.

Abu na biyu shi ne kalmomin da za a yi zancen da su. Na tarar da rumbu uku. Akwai na fiƙihu, wanda muka koya a Islamiyya cikin Ahalari da Iziyya da Risala, irin su janaba da haila da jima'i. Kalmomi ne masu tsabta, amma na hukunci ne, ba sa ɗaukar tausayi. Akwai na asibiti, wanda rabinsa Turanci ne, mai sanyi kamar ƙarfen awo. Akwai kuma na tasha, wanda ba a furta shi sai wajen zagi, kuma duk wanda ya sa shi a bakin masoya ya mai da soyayyarsu cin mutunci. Yawancin rubutun da ake kira batsa daga wannan rumbu na uku yake ɗiba.

Amma akwai rumbu na huɗu, wanda iyayenmu mata ke amfani da shi kullum a gabanmu ba mu gane ba sai da muka girma, wato sakaya. A ce ranar girkinta ce. A ce ta tafi turaka. A ce ya ƙaurace wa shimfiɗarta. A ce an raya sunna. Ko Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, da tufafi ya kwatanta matsayin ma'aurata ga juna. Sakaya ba ɓoyewa ba ce, domin babba ya fahimci komai, yaro kuma ya wuce bai ɗauki komai ba. Mu a Borno muna da wani harshen ma da ba na baki ba. Macen da ta turara ɗakinta da turaren wuta bayan isha'i, ta shafa humra, ta gama magana. A babi mafi nauyi na littafina, abin da ya faru kawai shi ne amarya ta zuba turare a kasko, ta ajiye na'urar kusa da hayaƙin, ta jira a aiko mata da ƙamshin rigar mijinta. Na ga matan aure sun karanta wannan shafi sun rufe littafin sun yi shiru. Da na rubuta shi da kalmomin tasha, dariya za su yi ko tsaki.

Ga yadda na fahimci bambancin. Batsa tana nuna jiki ne ta manta da mai jikin, za ka iya canja sunayen mutanen ba abin da zai ragu. Rubutun sha'awa na gaskiya kuwa yana nuna mutum ne a lokacin da ba shi da abin kare kansa. Kunya, wadda mu muke kira nongu, ba ta hana wannan na biyun. Hasali ma ita ke ba shi ƙarfi.

Neman mai bugawa

Rubutu daban, bugu daban. Manyan kamfanoni littafin da hukumar jarrabawa za ta sa a manhaja suke nema, kuma ba mai sa irin nawa a manhaja. Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A Amurka ma, wata marubuciya mai suna Cecilia Tan ta kafa ƙaramin kamfani mai suna Circlet Press a 1992, saboda masu buga labaran kimiyya ba sa son zancen sha'awa, masu buga na sha'awa kuma ba sa son kimiyya. Abin da suke bugawa ya yi nisa da abin da tarbiyyata za ta ɗauka, amma darasin ɗaya ne, littafin da ya faɗa tsakanin rumfa biyu sai ƙaramin ɗan kasuwa ke ɗaukarsa. A gida ma, Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, labarin wata bazawara mai shekaru da sha'awa ta farka mata, ƙaramin kamfanin Parrésia ne ya fara buga shi a 2015, ya kuma ci kyautar NLNG a 2016. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012.

Kafin in je maɗaba'a, hanyar waya aka fara nuna mini. Kowa ya san yau kasuwar littattafan Hausa ta koma WhatsApp da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks. Ana sakin shafukan farko kyauta, idan labari ya kai inda ba a iya haƙuri sai a ce a biya. Ba na raina wannan hanya, domin ta ciyar da mata da yawa daga cikin ɗakunansu, kuma akwai gwanaye a cikinta. Amma wata mai harkar da na tura wa babi uku ta amsa mini da cewa, "Ƙanwata, alƙalaminki yana da kyau, sai dai babu yaji. Ki rage zancen ruwa da injin nan, ki buɗe wajen daren sosai, ki sa wani suna ba naki ba, za ki ga kuɗi." Ba mugunta ta yi mini ba, abin da kasuwarta ke saye ta faɗa. Inda ake biya shafi-shafi, kuma ba wanda ya san fuskar marubuci, dole kowane shafi ya fi na jiya zafi. Tsarin ne ke tura alƙalami can.

Sai na nufi wata ƙaramar maɗaba'a a cikin gari, irin waɗanda rayuwarsu ta dogara ga katin biki da kalanda da rasit da takardun jarrabawar makarantu. Mai ita dattijo ne da ya buga littattafan addini da na waƙoƙi a baya. Ya karɓi rubutun ya ce in dawo bayan mako biyu. Da na dawo sai ya ce, "'Yata, na karanta. Babu kalmar da zan ji nauyin yarana su gani a kan faranti. Amma mahaifinki ya san da shi?" Na ce, "Baba, ya san ina rubutu." Ya ce, "Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Sunan maɗaba'ata zai hau bayan littafin nan, naki zai hau gabansa. Ni na shirya amsa tambayar duk wanda ya zo. Ke ma ki je ki shirya."

Na kai wa mahaifina. Ya yi mako guda yana karantawa bayan sallar asuba, bai ce mini komai ba. Ranar da ya gama ya kira ni ya ce, "Ki sa sunanki, ki sa nawa a bayansa. Duk abin da ba za ki iya sa sunana a kai ba, kada ki rubuta shi." Har yau ban sami ma'aunin da ya fi wannan ba, kuma ba hukuma ce ta ba ni shi ba.

A wannan maɗaba'a na koyi lissafin da ba a koyarwa a aji. Ana buga shafi 16 a kan babbar takarda ɗaya, gaba da baya, sa'an nan a naɗe a yanke, shi ya sa aka daidaita littafina ya tsaya a shafi 96. Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 300 za a buga ko 3,000, saboda haka mai buga kaɗan shi ya fi biya a kan kowane kwafi. Takarda daga waje ake shigo da ita tun da masana'antun Jebba da Oku-Iboku da Iwopin suka durƙushe, don haka da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, doka kuma ta ce a kai musu kwafi uku. Ga kuma abin da ya shafi garinmu kaɗai. An lalata turakun wuta a hanyar Damaturu a farkon 2021, gari ya daɗe a duhu, masu injin suka koma kan dizal. Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 ta taɓa jarin 'yan kasuwa da yawa. Sai kuma ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Abbaganaram da Gwange da sauran unguwanni. Takardar da aka saya domin littafina tana cikin abin da ya jiƙe, sai a 2025 aka sake haɗa kuɗi aka buga kwafi 300.

Rabawa ma da ƙafa ake yi. Mai shago zai karɓi goma ya ce sai an sayar, ka yi ta sintiri. Ban ci riba ba, ban kuma yi tsammaninta ba. Amma na kai kwafi ɗaya ga wata maƙwabciyarmu da mijinta ya fita tun ina firamare bai dawo ba. Bayan kwana uku ta aiko a kira ni. Na ce, "Anti, ga ni." Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Ke yarinya, wa ya gaya miki?" Ba wanda ya gaya mini. Shekara da shekaru muna gaisawa da ita, muna tambayarta yara da jiki da hidima, ba wanda ya taɓa nuna ya san akwai sauran abin da ta rasa.

Kammalawa

Ba ina kira ba ne ga kowa ya koma rubuta zancen ɗaki, kuma ba na goyon bayan abin da ake turawa wayoyin ƙannenmu da sunan adabi. Abin da nake cewa shi ne, idan masu ilimin harshe suka guje wa wannan fage, ba zai zauna babu kowa ba, waɗanda ba su da rumbu sai na tasha su za su cika shi. Mu ne aka koya wa sakaya da habaici da karin magana da tarihin zube. Ƙirƙirarriyar basira da ke kwaikwayon muryar mutum ta riga ta shigo wayoyinmu, tambayar amaryata ba za ta jira 2090 ba.

Shawarata ga mai sha'awar gwadawa guda uku ce. Ya karanta Umaru Dembo da Balaraba Ramat tare, kada ya zaɓi ɗaya. Ya zauna da tsofaffin mata ya ji yadda suke faɗin komai ba tare da sun faɗi komai ba. Sa'an nan ya nemi ƙaramar maɗaba'a da mai ita ke karanta abin da yake bugawa, ya sa sunansa na gaskiya a bango. Ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa kuma, me zai hana mu haɗa gajerun labaran kimiyya guda goma, mu yi karo-karo mu buga? Waɗanda suka kafa Raina Kama ba su fi mu kuɗi ba a lokacin da suka fara.

Allah Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, Ya bayyana waɗanda suka ɓace, Ya ba iyalansu haƙuri, amin.